Kafin ku ɗora masa hannu: jagorar tura ɗan mishan ƙetare daga Gombe

Ranar da ikkilisiya ke sallamar ɗan mishan, majami'a cika take yi maƙil. Matan zumunta su zo da ankonsu, 'yan kwaya su rera, baiko ya yi auki, kowa ya koma gida da farin ciki. Sai bayan wata shida ko bakwai ake gane ko an yi shiri, lokacin da kuɗin ranar sallama ya ƙare, mai gidan haya ya fara sallama a ƙofa, yaro ya kwanta da zazzaɓi, wanda aka aika kuma yana ta kiran ma'aji ba a ɗauka. A ganinmu, aikin mishan da ya mutu a hanya, galibi daga gida aka sake shi.

Wannan jagora ta dattawan ikkilisiya ce, da fastoci, da 'yan kwamitin bishara a Gombe, Billiri, Kaltungo, Balanga, Shongom da kewaye, waɗanda ke da nufin aika ma'aikaci zuwa Nijar, Chadi ko arewacin Kamaru. Za mu fi tsayawa a kan Nijar, domin can ne mai jin Hausa zai fi saurin kama aiki. Aikawa kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A 1917 John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka iso Kaltungo, wasu ikkilisiyoyi na nesa ne suka riƙe su shekara da shekaru. EMS, ƙungiyar mishan ta ikkilisiyar ECWA wadda ta fito daga aikin SIM, ta samo asali tun 1948, lokacin da 'yan ƙasa suka fara aika 'yan'uwansu da kuɗin aljihunsu da hatsin rumbunsu. Ku ware wa dukan shirin wata goma sha biyu zuwa goma sha takwas.

Ku fara da majalisar dattawa

A Ayyukan Manzanni 13, ikkilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne aka ce ta keɓe Barnaba da Shawulu. Ikkilisiya ce ta aika, gare ta kuma suka dawo suka ba da labari a sura ta 14. Don haka kada maganar ta zama ta fasto shi kaɗai. Fasto ana yi masa canjin wurin aiki, idan shi kaɗai ya ɗauki nauyin, ranar da motar kayansa ta tashi, ɗan mishan ya zama maraya. A kawo maganar gaban majalisa, a rubuta ta a littafin taro, a karanta wa jama'a a sujadar Lahadi, a keɓe makonni huɗu ana addu'a a kanta kafin a yanke shawara.

Sannan a kafa kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: dattijo ɗaya, mace biyu daga zumuntar mata, matashi ɗaya, mutum ɗaya da ya iya lissafin kuɗi, in akwai ma'aikacin lafiya a ikkilisiya a sa shi. Wa'adinsu ya zama shekara uku, kada a sauke su gaba ɗaya a lokaci guda.

Mataki na gaba shi ne sanar da na sama. In ku 'yan ECWA ne, magana ta bi ta LCC, wato majalisar ikkilisiyoyin yanki, zuwa DCC, wato majalisar gunduma, ta kai ga EMS a Jos. In COCIN ce ko wata ikkilisiya ta TEKAN, wato Tarayyar Ikkilisiyoyin Kristi a Nijeriya, ko Baftis, kowacce tana da sashenta na mishan. Wasu ikkilisiyoyi masu ƙarfin aljihu kan ga kamar bin wannan hanya ɓata lokaci ne. Muna roƙonku kada ku tsallake ta. Hukumar mishan ta san inda aka riga aka aika wani, ta san shugabannin ikkilisiya na can, ita ce kuma za ta iya tsayawa gaban hukumomin wata ƙasa ranar da aka tsare mutuminku a shingen jandarma. Ikkilisiyar unguwa ba ta da wannan tsawon hannu.

Wa za a aika

A nan ake yawan tafka kuskure, saboda kunya. Wani ya tashi ya ce Ubangiji ya kira shi, ba mai iya ce masa a dakata. Wani lokaci kuma wanda ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki bai sami ikkilisiya ba, sai a ce bari a tura shi mishan ya sami abin yi. Mafi muni shi ne a tura wanda ya addabi majalisa don a huta da shi. Antakiya manyan malamanta biyu ta bayar, waɗanda rashinsu zai yi mata ciwo.

Ma'aunin yana cikin 1 Timoti 3, amma ga yadda za ku gwada shi a aikace. Ku tambayi maƙwabtansa Musulmi yadda suke zaune da shi. Mutumin da ba shi da aboki ko ɗaya a cikinsu a Tumfure ko Bajoga, wanda ba ya zuwa suna ko gaisuwar mutuwa a gidajensu, ba zai iya zama a Damagaram ba. Ku bincika bashi: na banki, na adashi, na taki. Wanda ya tafi da bashi a kansa, kuɗin abincin iyalinsa zai riƙa juyowa da shi gida. Ku duba yadda yake riƙe fushi, da yadda yake karɓar gyara daga wanda bai kai shi karatu ba, domin a can zai yi aiki ƙarƙashin faston da wataƙila ba shi da rabin takardunsa. Ku ga ko yana da sana'ar hannu: ɗinki, kafinta, gyaran babur, haɗa sola, koyarwa, noman rani. Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti. Sana'a tana ba mutum dalilin zama a gari, tana buɗe masa hira da mutane, tana rage masa jiran gida.

Bayan haka a gwada shi a kusa. A ba shi ƙaramar tashar wa'azi a ƙauyen da ba yarensa ake yi ba, ya zauna wata shida da iyalinsa, a kan irin kuɗin da zai riƙa samu a ƙetare. Dattawa biyu su riƙa leƙa shi ba tare da sanarwa ba.

Matarsa kuma a ji ta bakinta ita kaɗai, mijin ba ya wurin. Mata biyu masu hankali daga zumunta su zauna da ita a ɗaki, su ce: “Mama, ki faɗa mana tsakaninki da Allah, kin yarda da tafiyar nan ko biyayya kawai kike yi?” A gaban miji da dattawa kusan kowace mace “na yarda” za ta ce. Ita ce za ta wuni a gida cikin matan da ba ta sani ba, ita za ta haihu nesa da uwarta, ita ce kuma kaɗai za ta iya shiga gidajen kulle inda mijinta ba zai taɓa taka ƙafa ba. In ta ce ba ta shirya ba, a dakata shekara guda, kuma kada a sa ta a bakin jama'a. In ta yarda, a ɗauke ta a matsayin ma'aikaciya, a horar da ita, a sa nata kason a cikin lissafi.

Kada a aika mutum ɗaya tilo. A Luka 10 biyu-biyu aka aika su. In ƙarfinku bai kai iyali biyu ba, ku haɗa kai da wata ikkilisiya a gundumarku, ko ku ajiye naku kusa da wani ma'aikaci da ya riga ya zauna.

Gani ya kori ji

Kafin a tsayar da gari, mutum uku su je su gani: dattijo, ɗan kwamiti, da wanda za a aika. Kwana goma zuwa sati biyu ya isa. Daga Gombe ana bi ta Kano, daga nan ko a bi Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ko a bi Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram. A tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, a yi tafiya da rana kawai.

Ku sani akwai ikkilisiya a can kafin ku. SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, akwai kuma ikkilisiyar 'yan ƙasa irin su EERN masu shugabanninsu da makarantunsu. Wurinsu za ku fara sauka, da wasiƙar hukumarku a hannu. Ku tambaye su inda suke bukatar hannu da irin mutumin da suke so. Mai yiwuwa su ce ba mai wa'azi suke nema ba, malamin makaranta ko mai koyar da karatun manya suke so. Ku saurara. 'Yan Nijeriya muna da halin shiga wuri da ƙarar lasifika da ganin mun fi kowa sani, 'yan'uwa na can kuma sun gaji da wannan, ko da ladabi bai bar su sun faɗa ba.

Ku tafi da littafin rubutu, ku dawo da farashi na gaske: hayar ɗaki biyu da tsakar gida, tiyar gero da ta shinkafa, jarkar ruwa, litar mai, gawayi, kuɗin makaranta, kuɗin ganin likita, nisan asibitin da ake yin tiyata, layin wayar da ke kamawa a garin. Wajen ciniki a yi hattara, domin a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, sefa kuwa ita ce kuɗin ƙasar (CFA). In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Wanda bai san wannan ba zai dawo da lissafin da ya gaza gaskiya sau biyar.

Lissafin kuɗi

Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Ƙa'ida ta farko: a rubuta kasafin da kuɗin ƙasar da za a zauna. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka. Bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, duk ma'aikacin da aka yanka wa albashi da naira ya ga abin da ke isa hannunsa ya zube, alhali a littafin ma'aji ba a rage masa ko kwabo ba. Ku yi masa alkawarin adadin sefa, faɗuwar naira ta zama nauyin ikkilisiya. A kuma lura, sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya, amma takardun ba ɗaya ba ne, mai shago a Injamena ba zai karɓi ta Yamai ba.

Ga misali don a ga yadda ake lissafin, ainihin lambobin daga littafin masu ziyara za su fito. A ce iyali mai yara uku na bukatar sefa 120,000 a wata: abinci 55,000, haya 25,000, mai da waya 15,000, lafiya 15,000, makaranta 10,000. A shekara ya zama 1,440,000. A kan wannan a ƙara kuɗin da ake kashewa sau ɗaya: takardu, motar kaya, hayar shekarar farko da ake biya gaba, katifu, ƙaramar sola da batir, babur. A ƙara kuɗin zuwa gida hutu sau ɗaya a shekara, da kuɗin ziyarar dattawa. Sannan a ajiye na wata shida, wato 720,000 a wannan misali, a asusun da ba a taɓawa. In wannan ajiya ba ta cika ba, kada a sa ranar tafiya, ko da an riga an buga kalanda.

Ta ina kuɗin zai fito? Baikon rana ɗaya ba ya riƙe mutum shekara uku. A raba katin alkawari gida-gida, kowane gida ya rubuta abin da zai iya bayarwa duk wata har shekara uku. Gida 80 kowanne ya ba da kwatankwacin sefa 1,500 sun cika 120,000. Amma kada ku dogara da dukan abin da aka rubuta. Wani zai rasa aiki, wani za a yi masa canji zuwa Abuja, wani ya rubuta ne don idon jama'a. Ku ƙirga bakwai cikin goma kawai, wato sai alkawuran sun kai kusan 172,000 kafin ku ce kun sami 120,000. Ikkilisiya kuma ta yanke wani kaso tsayayye daga baikon kowace Lahadi, ko da kashi biyar ne cikin ɗari, a cire shi tun a teburin ƙirga kafin a taɓa sauran.

Manoma su yi nasu alkawarin da buhu. Masara, dawa, wake, gyaɗa, a karɓa da kaka lokacin baikon girbi. Kada a sayar nan take, lokacin kasuwa a cike take, farashi a ƙasa. A adana zuwa bazara ko farkon damina. Wake sai an shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. In aka zuba shi a buhun gargajiya, kafin Maris ƙwari sun mai da shi gari. Matasa kuma za su iya noma gonar mishan ta hanyar gayya, amma a sa mutum ɗaya da sunansa ya zama mai kula da ita, in ba haka ba ranar shuka za a cika, ranar noma na biyu ba kowa.

Asusun mishan ya zama daban da na gini, da masu sa hannu uku, biyu su isa a fitar da kuɗi. Jarabar da ke zuwa kullum ita ce a ranci kuɗin mishan a sayi kwanon rufi, da niyyar za a mayar bayan bikin godiya. Ba a cika mayarwa ba. A rubuta tun farko cewa ba a rance daga wannan asusu. Bulus da kansa, a 2 Korantiyawa 8, bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi. A tsayar da ranar aikawa, a ce 25 ga kowane wata, ta hanyar hukumar mishan in tana da tsarin haka. In ta hannun ɗan canji ne, ya zama sananne mai shago, a fara gwada shi da kuɗi kaɗan, a rubuta farashin ranar, ɗan mishan kuma ya aiko da saƙon adadin da ya karɓa. Duk wata uku a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita. Mutane suna daina bayarwa ne in sun daina jin inda kuɗinsu ya tafi.

Takardu da lafiya

Kowa a gidan, har jariri, ya sami fasfo, sai da lambar NIN kuma ake yinsa. Akwai na shekara biyar, akwai na shekara goma ga manya. Kada a dogara da cewa an saba tsallakawa da katin shaida. Mai zuwa cin kasuwa daban, mai zuwa zama da iyali daban. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, iyakar ma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Chadi da Kamaru dama ba sa cikin ƙungiyar. Saboda haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da shugabannin ikkilisiyar can abin da ake bukata na izinin zama a wannan lokacin, a kuma yi shi cikin kwanakin da aka ba mutum a bakin iyaka. A riƙe wasiƙar gayyata daga ikkilisiyar da ke da rajista a can, da Faransanci, da takardar aure da takardun haihuwar yara. A yi kwafi uku na kome: ɗaya a jaka, ɗaya wurin sakataren ikkilisiya, ɗaya a hoto cikin waya. Kada a yi wa jami'i ƙarya game da aikin da aka zo yi. Babur kuma gara a saya a can da takardun can, ya fi sauƙi a kan jan na gida ta hannun kwastan.

Allurar shawara dole ce, da katinta mai ruwan ɗorawa. Sai ta kwana goma take fara aiki a takarda, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har tsawon rai. A yi ta sanƙarau, domin ƙasashen nan uku suna cikin yankin da cutar ke tashi da rani. A cika rigakafin yara. Miji da mata su yi gwajin hawan jini, suga, ciwon hanta da rukunin jini. Wanda ke shan magani kullum ya tafi da na wata uku, ya kuma san sunansa na asali, domin sunan kanti yakan bambanta a ƙasar Faransanci. Gidan sauro mai magani ga kowane gado. Uwar gida ta haddace haɗin ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In tana da ciki, a bari ta haihu, jariri ya yi ƙwari.

Horo kuma kada a raina shi don mutum yana da digirin tauhidi. Wa'azi ga waɗanda suka tashi cikin ikkilisiya daban yake da zama cikin mutanen da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. EMS tana horar da nata, ƙungiyar mishan ta CAPRO da aka kafa a 1975 da NEMA, haɗakar ƙungiyoyin mishan na Nijeriya, da aka kafa a 1982 su ma suna da makarantun horar da 'yan mishan. Faransanci na gaisuwa, lissafi da cika takarda ya zama an fara shi tun a gida, aƙalla wata shida. Mai zuwa Chadi zai bukaci Larabcin can, mai zuwa Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru Fulatanci, wanda dama yawancinmu a Gombe kunnenmu ya saba da shi.

A rubuta, sannan a sallama

Kafin ranar sallama a zauna a rubuta yarjejeniya, shafi biyu sun isa, fasto da sakatare da ɗan mishan da matarsa da wakilin hukuma su sa hannu. Ta faɗi adadin kuɗi da ranar biya, tsawon zango na farko, hutun shekara, wanda zai ba shi umarni a can, wanda zai yanke shawarar a kwashe su in gari ya rikice, da abin da za a ci gaba da zuba masa na fansho. Ta kuma taɓa maganganun da ba a son faɗa: in ya rasu a can, ina za a binne shi, wa zai biya, wata nawa za a ci gaba da riƙe matarsa da yaransa. In yana da tsofaffi a Tula ko Talasse da shi ke ciyar da su, a faɗi wanda zai riƙa leƙa su. Ma'aikata da yawa ba tsanani ne ke dawo da su ba, kiran waya ne cewa Baba ba lafiya kuma ba mai kai shi asibiti.

Lokacin tashi mafi kyau daga Nuwamba ne zuwa Janairu: an yi girbi, hanya ta bushe, gari da sanyi. Afrilu da Mayu zafin Nijar ba na sabon zuwa ba ne. Mijin ya fara zuwa na sati shida ya kama gida, ya dawo ya ɗauki iyali. Makarantun can a Oktoba suke buɗewa, watannin da ke tsakani sai a sa yara koyon Faransanci wurin wani malami. Yaron da ya kusa rubuta jarrabawar gama sakandare gara ya zauna wurin dangi ya ƙarasa.

Shekarar farko

Kada ku nemi lambobi daga wurinsa a shekarar nan. Kwamitin da ke tambayar “mutum nawa suka tuba?” duk wata, yana koya wa ma'aikacinsa ƙarya ne. Aikinsa na farko gaisuwa. Faston can ya kai shi wurin mai gari da mai unguwa, ya gaida liman, ya faɗi ko shi wane ne ba ɓoye-ɓoye. Ya je jana'iza, ya je suna, ya zauna a majalisar shayi, matarsa ta aika wa maƙwabta abinci ranar Kirsimeti, ta karɓi nasu ranar Salla. Tufafinsu su bi na mutanen gari. In an tambaye shi dalilin begensa, ya amsa da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3 ta ce. Kada ya zagi addinin kowa ko abin da suke girmamawa, kada ya shiga gardamar kasuwa, kada ya kafa lasifika.

Taimako kuma kada a ɗaura masa sharaɗi. In an haƙa rijiya, ta kowa ce. In an raba hatsi, a raba ta hannun mai gari, ba tare da an ce sai wanda ya zo sujada ba. Wanda ya bi don buhu, ranar da buhu ya ƙare zai koma, ya bar wa mutanen gari tabbacin cewa Kirista sayen mutane suke yi. Yara ba a koya musu kome sai da yardar iyayensu, a fili, ƙofa a buɗe. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba kada ya raba magani ko ya yi allura. Wanda ya ba da gaskiya kada a gaggauta yi masa baftisma don a sami hoton aikawa gida, kada kuma a raba shi da danginsa. Shi ya san gidansu, a bar shi da faston can su zaɓi lokaci. Maganar fili ko ginin majami'a a bar ta a hannun ikkilisiyar ƙasar, su suka san dokar ibada ta ƙasarsu, takardar fili kuma ta fito da sunansu.

Riƙon igiya daga gida

Mai haƙar rijiya yana ƙasa, ransa yana hannun waɗanda ke riƙe da igiya a sama. A sa mutum ɗaya cikin kwamiti ya riƙa kiransa duk sati a rana tsayayya, mace ɗaya kuma ta riƙa kiran matar daban. Tambayar ta wuce ta aiki: me kuka ci jiya, yaya barci, yaya tsakaninku, yaushe rabonka da karanta Littafi don kanka ba don wa'azi ba. Sau ɗaya a shekara dattijo da mace ɗaya su je su kwana uku a gidan, su tafi da daddawa, kuka, yaji da wasiƙun 'yan makarantar Lahadi. A gidan za su ga abin da waya ba ta nunawa.

Rahotonsa na wata uku a karanta shi a taron addu'a, amma kada a sa shi a Facebook ko a zuba shi a rukunin WhatsApp. Sunan ƙauye, hoton sabon mai bi, hoton gidan, duk suna iya tsallaka iyaka cikin minti ɗaya su jawo wa wani kora daga gida ko abin da ya fi haka. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki. A Satumban 2018 an sace wani fada na Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a yankin Tillaberi, sai a Oktoban 2020 aka sako shi. Don haka yankunan Diffa da Tillaberi, da dajin kan iyaka inda 'yan bindiga ke yawo, ba wurin sabon ma'aikaci ba ne. Ya ajiye jaka ɗaya a shirye da takardu, magani da kuɗin motar dukan iyali har gida. In shugabannin can suka ce ya tashi, ya tashi a ranar, kada wani a Gombe ya ce masa rashin bangaskiya ne.

Miƙa aiki da dawowa

Tun shekara ta biyu ya kamata a ga mutum biyu ko uku 'yan ƙasa da yake koya wa aiki, bisa ga 2 Timoti 2:2. Su riƙa jan addu'a, su riƙa ƙirga baiko, su riƙa wa'azi yana zaune yana ji. In ɗaya ya nuna baiwa, kuɗin tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki ta ƙasarsu ya fi kuɗin sayen jita da ganguna amfani. Sabuwar ikkilisiya ta fara ba da nata baiko tun ranar farko, ko da tiyar gero ce, tallafinku kuma ya riƙa raguwa a hankali bisa jadawalin da aka gaya musu tun da wuri.

Wata shida kafin ya dawo, kwamiti ya fara neman inda zai sauka da aikin da zai kama, a kuma yi magana da DCC tun lokacin. A ci gaba da biyansa cikakken kuɗinsa wata shida bayan dawowa. Dukan iyalin su je asibiti a duba su. Yaran da suka yi karatu da Faransanci za su bukaci malamin Turanci na wata uku zuwa shida kafin a san ajin da za a sa su, a karɓo musu takardun sakamako daga makarantar can da hatimi kafin a taso. A ba shi Lahadi guda cikakkiya ya ba da labari gaban jama'a, matar kuma ta yi nata a taron zumunta. Bayan haka dattawa biyu su zauna da su a keɓe, su tambaye su inda ikkilisiya ta gaza musu, sakatare ya rubuta amsar a littafin kwamiti domin a gyara kafin a aika na gaba.